Gargaɗi ga marubutan Zariya: a yi hattara da masu "tallata littafi"

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta na cikin birni, Samaru, Sabon Gari da Tudun Wada. Akwai 'yan damfara da ke bin mu ta WhatsApp da Facebook, wai su wakilan masu sharhin littattafai ne, suna da zaurukan masu karatu a hannu da za su tallata maka littafi. Sun fi farautar ƙannenmu mata masu sakin labari shafi-shafi a Wattpad, manhajar karanta labarai, da ɗaliban ABU da suka fitar da littafin farko.

Da yabo suke shigowa: "Anti, wallahi alƙalaminki ya wuce inda kike." Ki tambaye shi sunan jarumar labarin, sai kame-kame. Can ya turo hoto, wai guruf ɗinsu na WhatsApp mutum dubbai ne. Ƙarya ce tsirara, guruf ɗaya ba ya ɗaukar sama da mutum 1,024. Mabiyan shafi kuwa sayensu ake yi. Duba ƙasan abin da suka wallafa, za ki tarar ba mai tankawa.

Sai zancen kuɗin rajista, a asusun da sunansa daban da na mai magana da ke, kuma wai yau ake rufewa.

Kuɗin ma da sauƙi. Babbar asarar ita ce littafin. Za su ce a turo shi cikakke a PDF ko Word don masu sharhi su karanta. Kina turawa a toshe lambarki, kwana kaɗan ki tsinci labarinki ana sayarwa a guruf-guruf na kuɗi, an sauya suna, an goge naki. Wa zai saya a hannunki bayan ya gama yawo a wayoyi? Takaicin, wasu makarantan sun san na sata ne, arha ce ta rufe musu baki.

Mai talla na gaskiya babi ɗaya ko biyu da hoton bango sun ishe shi. A ce ya kawo sunan marubucin da ya taɓa yi wa aiki, a kira shi a ji daga bakinsa. In ya ce yana Zariya, to a haɗu a PZ ko Kongo da rana, ki tafi da yayanki.

Wanda aka riga aka cuta kada ya goge hirar ko shaidar tura kuɗin. Ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna. Satar littafin kuma hurumin hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ne, ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022.

A tura wa sauran marubuta don Allah.