Hattara da masu neman hoton iyalinku wai don zanen bango

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo a Instagram da Facebook, kuma masu ɗora hotunan iyali take farauta. Saƙo ne zai shigo daga wani da ya ce shi mai zane ne. Zai yaba hotonku, wataƙila na kaka riƙe da jikanta ko na uwa da 'ya'yanta a cikin gida, ya ce an ba shi kwangilar zanen bango a bakin titi kan rayuwar gida da al'adun iyali, hoton nan kuma shi yake nema. Har biyanku za a yi.

Wa zai ƙi a zana mahaifiyarsa a bango, kowa ya wuce ya gani? Da wannan ƙaunar suke kama mutane, shi ya sa abin yake min ciwo.

Da kun amince, sai wanda aka ce shi ya ba da kwangilar ya turo cak ko shaidar tura kuɗi, adadin ya fi abin da aka yi alkawari. Sai a ce ku cire rabonku, ragowar ku tura wa mai zane ya sayi fenti da kayan aiki, yau yau ɗin nan. Cak ɗin na bogi ne. Banki kan nuna kuɗin a asusu kafin ya gama tantancewa, bayan kwanaki ko makonni ya janye su. Abin da kuka tura kuwa daga aljihunku ya fita, ba ya dawowa.

Mai zanen gaskiya ba ya karɓar kuɗin aikinsa ta hannun wanda zai zana. Wanda ya ba shi aiki shi ke biyansa kai tsaye. Ku tambayi wanda ya turo muku saƙon wane bango ne, a wane titi, wa ya ba da izini. Ɗan damfara zai yi ta kwana-kwana. Zane-zanen da ke shafinsa ma galibi na sata ne. Ku bincika ɗaya da Google Lens, manhajar binciken hoto a intanet, sau da yawa sunan mai shi na asali zai fito.

Don Allah kada ku ƙara masa hotunan yara, ko sunayensu, ko adireshin gida. Idan kun riga kun tura kuɗi, ku kira bankinku nan take, ku adana saƙonnin, ku kai ƙarar shafin, sannan ku sanar da mai zanen da aka sace wa aiki.