Gargaɗi: Mai sayar da hodar goge mabul ya cinye mini naira 122,000 ya kuma lalata mini daɓen falo

Assalamu alaikum. Na yi kwana tara ina juya wannan magana a raina kafin na yanke shawarar rubuta ta, domin ba ƙaramin abin kunya ba ne mutum mai shekaruna ya fito ya ce an yi masa wayo. Amma duk safiyar da na fito daga ɗaki na taka daɓen falona, na ji kaushinsa a tafin ƙafata, sai ɓacin ran ya dawo sabo fil, kuma na tabbata a wannan lokacin mutumin nan yana can yana kiran wani bawan Allah "Baba" da irin muryar da ya kira ni da ita.

Naira 122,000 ya karɓa daga hannuna: 85,000 kuɗin hoda kilo biyar, 7,000 kuɗin mota, sai kuma 30,000 ta ƙarshe wadda ita ce ta fi ci mini rai, zan zo kanta. Wannan ban da abin da gyara zai ci yanzu.

Mabul ɗin nan na Turkiyya ne, mai launin madara, na saye shi a Kofar Ruwa a nan Kano a shekarar 2016, aka shimfiɗa shi a falo mai faɗin murabba'in mita 40. Shekaru sun sa ya dusashe, musamman daga bakin ƙofa zuwa wajen kujeru inda aka fi takawa, amma babu tsaga, babu tabo. Bikin 'yata ne ya matso, uwargida ta ce ya kamata a dawo masa da sheƙinsa kafin dangin ango su zo. A nan ne na ga tallar a Facebook: bidiyon wani daɓe da ya mutu murus, aka barbaɗa farar hoda, aka goga da soso, nan take ya koma yana ɗaukar ido har ana ganin fankar sama a cikinsa. An rubuta cewa hodar daga Italiya take, kuma ba ta bukatar inji.

Ina so a fahimci cewa ban tura kuɗi da ka ba. Na yi shekara 27 ina aikin kula da sito da sayen kaya, na san yadda ake tantance ɗan kasuwa. Na kira shi da baki, ban tsaya ga rubutu ba. Na tambaye shi ko hodar ta mabul ce ko ta giranit, ya ce ta mabul ce, kuma ya yi mini bayanin cewa duwatsun biyu ba ɗaya ba ne, wanda gaskiya ne. Na nemi hoton shagonsa, ya turo. Na duba sunan da ke kan asusun bankin, ya yi daidai da sunan da ya faɗa mini. Duk wanda zai ce na yi sakaci, ya gaya mini abin da ya rage ban yi ba.

Ga abin da ya kama ni, kuma shi ne nake ta maimaitawa a raina dare da rana. Ni da kaina na ce ya ba ni kilo goma. Sai ya ce, "Haba Baba, kada ka ɓarnatar da kuɗinka, ga hidimar biki a gabanka. Kilo biyar ya ishe ka har ka ajiye saura." Wato mutum ya ƙi karɓar naira 170,000 ya ce 85,000 ta isa. Ina zaune a mota a ƙofar masallaci bayan la'asar lokacin da ya faɗi haka, na tuna har na ce masa Allah Ya yi albarka. Na ce a raina macuci ba ya rage wa kansa ciniki. A wurin, ban ko tayar da motar ba, na tura masa 85,000. Kalmar nan ta "kada ka ɓarnatar da kuɗinka" ita ce ta sayar da ni, kuma yanzu na gane cewa ita ma cikin kayan aikinsa take.

Ranar Talata kayan ya iso tasha. A'a, Laraba ce, domin Talata ce ya kira ya ce direba ya ƙi ɗauka sai an biya 7,000, alhali tun farko ya ce kawowa kyauta ne. Na biya. Abin da na karɓo farin bokiti ne na fenti da aka wanke, babu sunan kamfani, babu rubutun Italiyanci ko ɗaya, babu takardar yadda ake amfani da shi. Na kira shi a gaban direban, ya ce buhu-buhu ake shigo da ita su kuma su auna wa mutane, abin da na san ana yi da kaya da dama a kasuwa.

Kuma na gwada kafin na shafa. Wannan nake so masu zargina su ji. Da magariba na kwaɓa kaɗan na goga a bayan ƙofa, wurin ya yi ƙyalli, na kira uwargida ta gani. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne kowane mabul, komai mutuwarsa, yana sheƙi muddin yana jiƙe. Bidiyon da ya ruɗe ni ma daɓe ne jiƙaƙƙe aka ɗauka, ban gane hakan ba sai daga baya.

Washegari muka kwashe kujeru, ni da yarana biyu muka shafe rabin falon kamar yadda ya umarta: a kwaɓa da kauri, a bar ta minti talatin, sannan a dirje da soso mai ƙarfi. Tun muna shafawa na ga tana 'yar kumfa tana wani sauti siriri, hannun ƙaramin yarona kuma ya fara zafi. Na kira shi, ya ce ai datti ne yake fita. Da muka wanke, daɓen ya bushe, sai ga shi fari fat kamar an zuba toka, ga sawun soso zagaye-zagaye, idan ka shafa da hannu sai ka ji kamar bangon da ba a yi wa fenti ba.

Na manta ban faɗa ba, tun ranar da na tura kuɗin farko ya goge tallar daga shafinsa, ya ce kaya ne suka ƙare.

Yanzu maganar 30,000. Da na tura masa hoton ɓarnar, bai gudu ba. Ya ɗaga waya a bugu na farko, ya yi salati, ya ce ruwan rijiyar burtsatsenmu ne yake da gishiri, amma akwai wani ruwan magani da zai dawo da shi cikin awa ɗaya, kuɗinsa 45,000, zai bar mini a 30,000 saboda shi ma abin ya dame shi. Saura kwana shida biki, rabin falo fari rabi launin madara, uwargida ta kasa ko kallon wurin. Na tura. Na san za a ce a nan ne ya kamata na farga, amma wanda bai tsaya a tsakiyar falon nan a ranar ba, ba zai san halin da nake ciki ba. Daga shigar 30,000 ɗin nan lambarsa ta daina shiga, ya toshe ni a WhatsApp, shagon da ya turo hotonsa kuwa da aka je aka tarar na wani ne daban mai sayar da tayil, bai taɓa jin sunansa ba.

Mai gyaran mabul da na kira daga baya ya ɗebi hodar ya zuba a kan guntun alli mai laima, nan take ta hau tafasa. Ya murza ta a yatsunsa ya ce mini, "Alhaji, wannan asid ne mai ƙarfi aka haɗa da yashi mai laushi." Ya yi mini bayanin cewa mabul da alli asalinsu ɗaya ne, sinadarin kalsiyam kabonet, shi ya sa ko lemun tsami ya zuba a kansa aka bar shi sai ya ci fuskarsa. Taurin mabul kusan 3 ne a ma'aunin Mohs da ake auna taurin duwatsu da shi, na yashi kuwa 7, saboda haka kowace dirza da muka yi karce dutsen muke yi da hannunmu. Hodar gaskiya, in ji shi, tana da ɗan asid mai sauƙi irin okzalik da gari mai tsananin laushi, ana aiki da ita a jiƙe da farin soso a ƙarƙashin inji mai juyawa a hankali, yanki-yanki, a wanke nan da nan, ba a taɓa barin ta ta zauna minti talatin. Kuma ba ta gyara daɓen da ya karce sosai, sai an fara bi da faifan goge dutse na daimon (lu'ulu'u) daga mai kaushi zuwa mai laushi.

Abin da za a yi wa nawa ke nan, kuma dukkan mita 40 ɗin za a bi, domin idan aka gyara rabi launin ba zai zo ɗaya ba. Ya yi mini kuɗi naira 180,000. A kan kafet ɗin aro aka yi bikin 'yata.

Na kai ƙorafi banki da rasit uku na kuɗin da na tura, na kuma kai rahoto wurin hukuma. Hotunan hirarmu, da saƙon muryarsa inda yake cewa kada na ɓarnatar da kuɗina, da hoton bokitin da na daɓen, duk suna wayata, zan ɗora su da zarar an ba ni izini.

Kada ku sayi hodar da ba ta da sunan kamfani da takarda, ku gwada a lungu ku bar wurin ya bushe har washegari, kuma idan ta yi kumfa ku wanke ta nan take. Ni dai bokitin yana nan a bayan gida, saura fiye da rabi a ciki, na hana kowa taɓa shi saboda shaida ne. Naira 85,000, da 7,000, da 30,000, kuma ni ne na sa masa albarka a ƙofar masallaci. Ban yafe ba.