Darussan kalkulas na Khan Academy a idon ɗalibin tattalin arziki

Na shafe wata huɗu ina bin darussan kalkulas, wato lissafin saurin canji, na dandalin koyarwa na intanet mai suna Khan Academy, kuma abin da ya kai ni can shi ne kwas ɗin lissafin tattalin arziki da ya tsaya mini a wuya a shekarata ta farko a jami'a. Salman Khan ne ya kafa cibiyar a Amurka a 2008, kuma da yake ba ta neman riba, bidiyo da tambayoyin gwaji duk kyauta ne. Data kawai mutum zai saya.

Darussan gajeru ne, galibi na kimanin minti goma. Ba a ganin fuskar malami, sai baƙin allo da rubutu mai launi-launi yana fitowa yayin da yake bayani, sannan tambayoyi su biyo baya, waɗanda idan mutum ya cije za su nuna masa hanya mataki-mataki.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba a gaggawar ɗora wa ɗalibi ƙa'idojin hadda. Sai an tabbatar ya fahimci cewa wannan lissafi, wanda masanan nan Newton da Leibniz suka tsara a ƙarni na 17, awon saurin canji ne, wato idan wannan ya motsa kaɗan, nawa wancan zai motsa. Ranar da na gane cewa tambayar ɗan kasuwa ke nan ta kullum, cewa idan ya ƙara guda ɗaya nawa zai kashe kuma nawa zai samu, ranar ce tsoron ya fita daga raina. Ashe tun 1838 wani Bafaranshe masanin lissafi mai suna Cournot ya bi wannan hanya wajen gano farashin da ya fi riba ga wanda ya mallaki kasuwa shi kaɗai.

Na gwada abin da gidan burodin kawuna, inda nake riƙe masa littafin ciniki lokacin hutu. Na tsara misali mai sauƙi, na ɗauka ribar tire x a rana ita ce 400x − 2x². Ma'aunin canjinta, wato yadda ribar ke motsawa idan aka ƙara tire, 400 − 4x ne, wanda yake komawa sifili a tire 100, inda riba ta kai naira 20,000. Idan aka matsa zuwa tire 120, sai ta sauko 19,200, domin an ƙara itace da kuɗin ma'aikatan dare, ga kuma burodin da zai yi kwantai. Kawu ya duba takardar ya ce shi ma ya daɗe da lura cewa yawan gashi ba shi ne yawan riba ba, sai dai bai taɓa ganin an rubuta shi da alƙaluma ba.

Wanda zai fara ya sani cewa da Turanci zai saurari bayanin, kuma idan aljabararsa tana da rauni, gara ya koma ya gyara ta tukuna, domin yawancin kurakuraina daga can suka fito. Ina kuma ba ɗalibin kasuwanci shawara ya buɗe sashen tattalin arziki na dandalin tare da na kalkulas, ya riƙa bin su kafaɗa da kafaɗa, yana mayar da misalan dala zuwa naira da kayan da ya sani a kasuwar garinsu.