Na Barcelona ko na Jidda: wanne ya fi abin kallo?

Hajiya, kin tambaye ni wane jirgin ruwan shaƙatawa za ki shiga da yara, na Barcelona ko na Jidda. Ki ɗauki na Barcelona. Idan dai abin kallo da nishaɗin yara kike aunawa tsakanin babban jirgin kamfanin Royal Caribbean da ke tashi daga Barcelona da jirgin Aroya da ke tashi daga Jidda, to tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

Wanda muka shiga da maigida da yara shi ne Symphony of the Seas, a bazarar 2023. A Faransa aka ƙera shi, ya fara aiki a 2018, tsawonsa ya kai mita 362, kuma idan ya cika yana ɗaukar fasinja sama da 6,600, ban da ma'aikata. Yana cikin jerin jiragen kamfanin da ake kira Oasis, kuma yawanci ɗaya daga cikinsu kan zauna a Barcelona lokacin bazara, yana zagayen mako guda: Palma, Marseille, La Spezia, Civitavecchia wadda ita ce tashar Roma, sai Naples, a komo. Ko ba Symphony kika samu ba, 'yan'uwansa irin su Allure da Harmony tsarinsu kusan ɗaya ne.

Abin da har yau yarana ke maganarsa shi ne wasan ruwa. A can ƙarshen jirgin, a hawa na 6, akwai dandali a fili da suke kira AquaTheater, kujeru sun yi rabin da'ira, teku na bayan 'yan wasan. Tafkin da ke tsakiya zurfinsa ya wuce mita 5, kuma ƙasansa na hawa yana sauka. Yanzu za ki ga mutane na taka rawa a kan busasshen dandali, kafin ki kifta ido dandalin ya nutse, wani ya faɗo daga can ƙololuwa ya shige ruwan da ɗazu babu shi. Wasu na tafiya a kan igiya sama da kawunan jama'a. Autata, wadda ba ta iya zaman minti biyar wuri ɗaya, ta riƙe hannuna gam tun daga farko har aka tashi, duk lokacin da mai tsalle ya hau sama sai in ji tana karanto addu'ar da aka koya musu a Islamiyya, wai kada ya ji ciwo. Kusa da mu wata tsohuwa Ba'italiya ce da jikokinta. Ba ma jin yaren juna, amma tare muke salati da tafi, kowa da harshensa. Da aka gama ta rungume yarinyar kamar jikarta.

Na daɗe a kan wannan ne domin nan ne bambancin yake. Wasan ruwa da wasan ƙanƙara ba sa buƙatar mutum ya ji Turanci ko Larabci. Yaro ɗan shekara huɗu da kakarsa duk za su fahimta. Filin ƙanƙarar yana hawa na 4, sunansa Studio B, ƙanƙara ce ta gaske a tsakiyar teku, ƙwararru na sulu a kai suna juyi da tsalle, jirgi kuwa na tafiya. Akwai lokutan da ake buɗe wa fasinja filin su ma su gwada, kyauta, da sharaɗin dogon wando da safa. Ki sa su a jaka tun daga gida. Ki kuma ɗauki mayafi mai kauri, zauren da sanyi.

Babban zauren wasan kwaikwayo kuwa, a nan ra'ayin fasinja ya fi rabuwa. Wasan waƙa da rawa ne irin na Amurka, da Turanci, yana da tsawo. Turawan da muke cin abinci kusa da su sun yaba ƙwarai, su abin da suka taso da shi ne. Mu yara sun yi barci kafin a kai rabi. Ba zan ce ki ɓata dare a kansa ba. Wasan barkwanci na manya ne kawai, kuma barkwancinsu ba irin wanda za ki so ki zauna ki saurara da maigida ba ne.

Ga abin da ya fi jawo ƙorafi a bakin fasinja, kuma yana da magani. Duk waɗannan wasannin suna cikin kuɗin da kika biya, amma kujeru ba su kai yawan mutane ba, sai an kama wuri ta manhajar kamfanin. Wanda ya bari sai ya shiga jirgi ya huta, zai tarar lokuta masu kyau sun ƙare. Ki sauke manhajar tun kina gida, ki riƙa leƙawa, da an buɗe ki kama. Wasan ruwa ki kama shi a daren farko ko na biyu, saboda idan teku ta yi tsauri soke shi ake yi don lafiyar masu tsalle, wanda ya kama na farkon mako yana da damar a sake masa wani dare, na ƙarshen mako kuwa shi ke nan. Idan ba ki samu ba, ki tsaya a layin jira, 'yan mintuna kafin a fara ana sakin kujerun waɗanda ba su zo ba. Layukan gaba suna jiƙewa, yara suna so, laffaya ba ta so.

Ki lura da lokacin sallah wajen zaɓe. A watan Yuni da Yuli rana ba ta faɗuwa a wannan yankin sai wajen ƙarfe 9 na dare, don haka wasan da ya fara wajen 9 zai ci miki magariba. Ki ɗauki na farkon yamma ko na can dare. Babu masallaci a jirgin, a ɗaki muke sallah.

Na rana ma akwai su da yawa: igiyar zamewa da ke ratsa tsakiyar jirgin ta sama, injin igiyar ruwa da ake sulu a kansa, bangon hawa, lilo mai dawakai, da wani dogon bututun sulu da ke sauko da mutum daga hawa na 16 zuwa na 6. Wasu suna da ƙa'idar tsawo, injin igiyar ruwan sai yaro ya kai santimita 132, to ki auna su tun a gida kada a yi kuka a bakin layi. A zagayen nan rana ɗaya ce tak jirgi ke wuni a teku, kuma ranar kowa ke tururuwa kan waɗannan wasannin. Shawarata ki zaɓi tasha ɗaya ki ƙi sauka. Daga Civitavecchia zuwa Roma tafiyar sama da awa ɗaya ce, ga zafi, ga yara, za ku dawo a gajiye ku kasa kallon komai da dare. Ranar da jama'a suka watse gari, jirgin naku ne. Akwai kuma sashen kula da yara daga shekara 3 zuwa sama, kyauta da rana, sai can dare ake biya.

Ba zan ɓoye miki ɗaya gefen ba, tunda gidan mutunci kika fito. Ana sayar da giya kusan ko'ina, akwai gidan caca, bakin tafkin wanka kuwa shigar Turawa ce, 'yan wasan ma kayan wasansu matsattsu ne. Abin da ya sauwaƙa mana shi ne girman jirgin. Gidan cacar yana hawa na 4 ne, bayan filin ƙanƙara, idan kika sauko ta lif na gaban jirgi ba za ki bi ta cikinsa ba. Da yamma mun fi zama a lambun da ke hawa na 8, itatuwa da furanni na gaske, da kiɗa mai sanyi can ƙasa-ƙasa. Nama kuwa ba mu kusance shi ba, kifi da ƙwai da ganye suka riƙe mu, ba mu kuma kwana da yunwa ba.

Aroya, to, ba laifi. Na Saudiyya ne, ya fara jigila daga Jidda a Disambar 2024, jirgin kansa an ƙera shi a Jamus a 2017 ya yi aiki a Asiya da sunan World Dream kafin a sabunta shi. Fasinjansa sama da 3,300. Babu giya, abinci halal ne, kuma wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne, ƙanwar maigidana da ta shiga shi abin da ta fi yabawa ke nan. Yana da zauren wasa da bututun sulu na ruwa da wurin yara. Amma babu filin ƙanƙara, babu dandalin masu tsalle cikin ruwa, su kuwa su ne abin da za ki biya kuɗin jirgi dominsu. Da a ce da Hajiya Babba za ku tafi, ko so kike ki haɗa da Umara, da na ce Aroya ba tare da dogon zance ba. Don yara su ga abin da ba su taɓa gani ba, Barcelona.

Yanzu maganar ejan, ko da ba ki tambaya ba. Duk wanda ya ce ki ƙara kuɗi ya saya miki tikitin wasan ruwa ko na ƙanƙara, ɓarawo ne, babu tikitin da ake sayarwa. Wasu kuma bidiyon babban jirgi za su turo miki a WhatsApp, su yi miki rajista a ƙaramin jirgi na kamfani ɗaya, wanda ba shi da ko ɗaya daga abin da kika gani. Ki sa ya rubuta miki sunan jirgin da ranar tashi, ya ba ki lambar rajistar, ki shigar da ita cikin manhajar da hannunki ki ga sunanki da na kowane yaro kafin ki cika kuɗi. Kada ki tura kuɗi asusun mutum, na kamfani za ki tura, ki karɓi rasit, ki kuma duba ko yana da rajista da NANTA, ƙungiyar ejan-ejan na tafiye-tafiye ta Najeriya.

Idan ya ce miki "komai na ciki", ki tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Tukuicin ma'aikata ana ɗora shi kullum a kan kowane mutum har yara. Intanet kuɗi ne, lemon kwalba kuɗi ne, yawon gari a tashoshi kuɗi ne. Ɗakin wasan na'ura na yara ma kuɗi ne, da katin ɗaki ake biya, yaro zai yi ta dannawa bai san dala ce ke tafiya ba. Ranar farko ki je teburin kula da fasinja ki sa a rufe ko a ƙayyade katin kowannensu.

Mafi muni shi ne mai cewa biza na biye da tikitin jirgi. Kamfanin jirgi ba ya ba da biza. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Schengen, wato ta shiga waɗannan ƙasashen Turai, ki nemi mai shiga da fita sau da yawa, kuma wanda ya iso bakin jirgi babu ita ba za a bar shi ya hau ba, kuɗinsa kuma ba ya dawowa. Ki fara neman bizar da wuri, ki kuma zaɓi rajistar da za a iya janye kuɗin ajiyarta idan bizar ba ta fito ba, ko da ta ɗan fi tsada.