Kafin Ka Sayi Kayan Situdiyo na Gida

Yawancin matasan da ke son haɗa situdiyo a ɗakinsu sukan ƙarar da kuɗinsu a kan kwamfuta, sannan su sayi sauran kaya da ɗan abin da ya rage, alhali ba kwamfuta ce ke jin murya ba. Laftof mai RAM 16GB da ma'ajiyar SSD, ko da ta hannu ce, ta isa ta ɗauki manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio ko Cubase, kuma na fifita ta a kan ta tebur domin idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar baiti, batirinta zai tsare maka aikin.

Inda ya kamata a natsu shi ne wajen zaɓen saunkad, wato akwatin da ke shigar da murya cikin kwamfuta. Ni dai ban ga kamar Scarlett 2i2 na kamfanin Focusrite da ke Ingila ba, wanda aka fitar da zubinsa na huɗu a 2023. Ƙofa biyu gare shi, saboda haka za ka iya ɗaukar mawaƙi da mai gurmi a lokaci guda, kowa a layinsa. Da USB yake shan wuta, yana bayar da wutar 48V ga makirfon da ke buƙatarta, kuma yana da direbansa na ASIO, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, wanda ke sa mawaƙi ya ji muryarsa a kunne ba tare da jinkirin da ke ɓata masa kari ba. Abin da ya fi burge ni shi ne zoben hasken da ke kewaye da maɓallin ƙarfin murya: muddin yana kore kana lafiya, da ya koma ja ka san muryar ta fashe. A cikin sauran saunkad, Scarlett Solo makirfo ɗaya kawai yake karɓa, Behringer UM2 ba shi da direban kansa, V8 kuwa kayan hira ne a TikTok.

Game da makirfo, AT2020 na Audio-Technica yana fitar da murya tas, amma kunnensa ya cika kaifi ga ɗakin da ba a lulluɓe bangonsa ba, domin har ƙugin janaretan maƙwabta da hon ɗin adaidaita sahu yake kwasowa. A irin wannan ɗaki Shure SM58, da ake ƙerawa tun 1966, ya fi rufin asiri. BM-800 asarar kuɗi ne.

Sai dai shaharar SM58 ce ta sa jabunsa ya cika kasuwa, kuma ni kaina an taɓa cuta ta. Na saye shi a wani shago cikin kwali mai kyau, da jakarsa da takardunsa, a farashin da bai kai rabin na gaske ba, mai shagon yana ta rantsuwa. Da na isa gida sai na ji muryar siririya kamar daga cikin gwangwani, ko yatsa na motsa a jikinsa sai ƙarar ta shiga, kuma da na ɗora shi a tafin hannu tare da na wani abokina, nawa ya fi sauƙin nauyi ƙwarai. Kwali ba shaida ba ne, tambari ma haka. Kada ka biya sai an jona shi ka yi magana a ciki ka saurara, kuma in da hali ka tafi da na asali domin gwadawa. Shi ma saunkad ana yin jabunsa, don haka ka shigar da lambar jikinsa a shafin Focusrite tun kana cikin shagon. Idan rajista ta ƙi, ko mai shago ya fara hanzari, ka ajiye masa kayansa. Rasit mai ɗauke da wannan lamba wajibi ne.

Lasifika irin su Yamaha HS5 za su iya jira. Ka fara da hedifon rufaffe kamar ATH-M40x, wanda ba ya barin kiɗa ya zubo cikin makirfo yayin ɗaukar murya.