Zauren Gwarazan NASCAR na Charlotte: Me Yake Nunawa Game da Daular Direbobi?

A tsakiyar birnin Charlotte na jihar North Carolina ta Amurka, yankin da galibin ƙungiyoyin tseren motoci na NASCAR suka kafa garejojinsu, akwai gidan tarihin da ake kira NASCAR Hall of Fame, wanda aka buɗe a shekarar 2010. Duk wanda ya taɓa jin gardamar da masoya wannan tsere suke yi kan ko yawan lashe kambu kaɗai ya isa a ce direba ya kafa daula, to zai sami abin dubawa a nan, ko da yake gidan bai ɗora wa kansa nauyin raba gardamar ba.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne Glory Road, wata hanya mai lanƙwasa da aka jera motocin tsere na tarihi a kanta, wadda karkatarta take ƙaruwa sannu a hankali har ta kai digiri 33 irin na filin tseren Talladega da ke jihar Alabama. Tsayuwa a gefenta ta fi dogon bayani fahimtar da mutum irin gangaren da direba yake fama da shi. Akwai kuma na'urorin kwaikwayon tuƙi da wurin gwada sauya taya cikin gaggawa, waɗanda suke da daɗi, amma ba su ne gundarin ziyarar ba.

Gundarin yana zauren karramawa. Direbobi uku ne suka lashe kambun babbar gasar sau bakwai-bakwai, wato Richard Petty da Dale Earnhardt da Jimmie Johnson, kuma dukkansu suna cikin waɗanda aka karrama. Sai dai abin da ya fi burge ni shi ne yadda gidan bai tsaya ga masu riƙe sitiyari kawai ba. An karrama Lee Petty, mahaifin Richard, wanda ya lashe kambu uku a 1954 da 1958 da 1959; an karrama Maurice Petty, ƙanen Richard mai haɗa masa inji; an kuma karrama Dale Inman, shugaban makanikan Richard, wanda ma ya zarce ubangidansa da kambu guda, domin ya ƙara na takwas tare da Terry Labonte a 1984. Haka nan a 2024 aka shigar da Johnson rana ɗaya da Chad Knaus, shugaban makanikan da ya lashe duka kambuna bakwai ɗin tare da shi. Wanda ya bi waɗannan sunaye da natsuwa zai ga cewa abin da ya ɗore shi ne gidan Petty da ƙungiyar Hendrick Motorsports da Johnson ya yi wa tuƙi, wadda Jeff Gordon ya ci mata kambu huɗu tun kafin zamanin Johnson. A ganina daula ta gida ce, direba kuwa sarki ne na wani zamani a cikinta.

Raunin gidan irin na kowane wurin karramawa ne, wato yabo ya rinjayi kwatance. Baƙon da bai san tarihin dokokin gasar ba zai iya ɗauka cewa bakwai ɗin nan duk ɗaya ne, alhali ba a kan ma'auni guda aka same su ba. Petty ya ci tsere 27 a kakar 1967 kaɗai, goma daga ciki a jere, a zamanin da ake yin tsere fiye da 36 ɗin da ake yi yanzu a shekara. Earnhardt ya tara nasa tsakanin 1980 da 1994, lokacin da makin kaka gaba ɗaya ne yake fitar da zakara. Johnson kuwa ya jera biyar daga 2006 zuwa 2010 a ƙarƙashin tsarin Chase da aka shigo da shi a 2004, wanda yake sake daidaita maki kafin tsere goma na ƙarshe, don haka har yau wasu suke rage masa daraja, duk da cewa kafin shi babu wanda ya wuce uku a jere na Cale Yarborough.

Saboda haka ina ba mai niyyar zuwa shawarar ya ɗan karanta tarihin tsarin maki tukuna, sannan ya ware wa zauren karramawa lokaci fiye da na na'urorin wasa. Masoyin tsere na haƙiƙa ba zai yi da-na-sanin kuɗin tikitinsa ba, amma wanda rakiya kawai ta kai shi, wataƙila Glory Road ce kaɗai za ta tsayar da shi.