Kayan gwajin yoyon lagireto a injin rotari na jirgina: abin da suka gano da inda suka gaza

Kusan kofi guda na ruwa nake ƙara wa injin duk lokacin da na sauko, alhali daɓen rumfar jirgin a bushe yake ƙayau. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin hancin jirgin na bar shi ya kwana, da safe ko ɗigo babu. Da a mota ne, sai mutum ya kawar da kai ya riƙa yawo da galan ɗin ruwa. A sama kuwa babu gefen titin da za ka raɓa ka jira inji ya huce. Ruwa kuma ba ya tsami banza.

Jirgin ƙarami ne mai kujera biyu, da hannuna na haɗa shi. Injinsa 13B ne na Mazda, irin na cikin motar RX-7, cc 1,308, kuma rotari ne mai rota biyu, wato ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a maimakon fistin. Masu haɗa jirgi a gida suna son sa saboda ƙarfinsa ya fi girmansa, ga ƙarancin jijjiga. Amma da ruwa yake hucewa, ba da iska kaɗai ba kamar yawancin injinan ƙananan jirage, don haka duk tiyo da kilif da waldar da ke jikinsa amana ce a wuyan wanda ya ɗaura su.

Akwatin kayan gwajin yoyo guda na saya mai abu uku a ciki. Akwai famfon hannu mai geji, wanda ake ɗaurawa a bakin tankin ruwa a hura iska. Akwai kwalbar rini da tocilarta, wadda haskenta ke sa rinin ƙyalli a duhu. Sai bututu mai ruwa shuɗi da ƴar robar matsawa a kansa, na gane ko hayaƙin ƙuna yana shiga ruwan lagireto.

Ranar farko raina ya ɓaci. Murafun da ke cikin akwatin duk na motoci ne, babu wanda ya zauna daidai a bakin tankin da na yi wa walda da kaina. Da na sami wanda ya kusa, na hura zuwa psi 16 (psi ma'aunin matsi ne), daidai da ƙarfin murfina, sai allura ta yi ta sauka a gabana. Na ɗauka injin ne. Sai da na toshe bakin famfon shi kaɗai, na shafa ruwan sabulu a mahaɗarsa, na ga kumfa na tasowa daga jikin famfon kansa. Na canza ɗan zoben robar da ke wurin, ya daina. Duk wanda ya sayi irin wannan, ya fara gwada famfon tukuna kafin ya ɗora wa injinsa laifi. Gejin ma layukansa sun yi kusa da juna ƙwarai, da wuya ka ga saukar rabin psi. Manna tef na yi a gilashin, na ja layi da biro daidai inda allura ta tsaya.

Rinin ya yi aikinsa ba gardama. Na zuba, na ɗuma injin, na jira dare, na kashe fitilun rumfa. Da na haska, sai ga wani siririn layi kore shar yana ƙyalli, ya taso daga ƙarƙashin kilif ɗin tiyon da ke komawa famfon ruwa, ya gangaro ya ƙare a saman bututun salansa. Nan yake ƙonewa, shi ya sa bai taɓa isa ƙasa ba. Laifina ne: bakin bututun alminiyum ɗin sumul na bar shi, ban tayar masa da leɓen da ke riƙe tiyo ba. Na tayar da leɓen, na cire kilif mai sukuru na sa mai sifirin, wanda ke ci gaba da matsewa ko roba ta kumbura da zafi ko ta tsuke da sanyi. Abu ɗaya ke damuna da rinin: duk inda ya taɓa sai ya bar tabo, har a yatsunka, kuma in ba ka wanke wurin tas ba, gwaji na gaba tsohon tabo zai ruɗe ka.

Na kwana da farin ciki, ina ganin an gama. Ashe da sauran rina a kaba.

Bayan tashi biyu na tarar robar da ke tarbar rarar ruwa ta cika har wuya, kuma ruwan bai koma ba da injin ya huce. Washegari da safe injin ya ƙi tashi da wuri, da ya tashi sai ya yi ta gargada na ƴan daƙiƙu, ya fitar da farin hayaƙi mai wani ƙamshi zaƙi-zaƙi. Wani dattijo da rumfarsa ke kusa da tawa, wanda ya daɗe da irin wannan inji, ya tsaya ya shaƙa ya ce, "Ɗana, wannan ba tiyo ba ne. Kada ka sake tashi sai ka leƙa ramin fulogi." Na ce, "To, Baba." Gabana dai ya riga ya faɗi, don na san abin da yake nufi.

Wanda ya saba da injin fistin zai ce gasket ɗin kan inji ne ya ƙone. Rotari ba shi da wannan. Jikinsa jeri ne na faifai biyar da aka haɗa fuska da fuska: gidan rota biyu na alminiyum, da faranti uku na ƙarfen zubi, ɗaya gaba, ɗaya tsakiya, ɗaya baya, dogayen ƙusoshi sun ratsa su sun ɗaure su tamau. Ruwa yana bi ta cikinsu duka. A kowace mahaɗa akwai zoben roba biyu kwance cikin kwarmi: na waje yana hana ruwa fita, na ciki yana raba ruwa da wutar da ke ci a ɗakin ƙuna. Tazarar ba ta da yawa. Alminiyum kuma yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi, don haka zafi mai tsanani sau ɗaya ya isa ya matse gidan rota ko ya dafa zoben. Nan na tuna wata rana da na daɗe a bakin titin tashi ina jiran izini, iska ba ta ratsa lagireto, har allurar zafi ta haura digiri 110. Na ga ta sauko bayan na tashi, na manta da zancen. Injin bai manta ba.

Idan zoben ciki ya mutu, ɓarnar fuska biyu ce. Inji na aiki, hayaƙi mai ƙarfi ya kutsa cikin ruwa ya tunkuɗo shi waje ta murfi. An kashe inji, sai matsin da ya rage a lagireto ya tura ruwa cikin ɗakin ƙuna ya kwana a can. Rini shi kaɗai ba ya nuna ko ɗaya daga ciki ta waje. A nan ne famfon ya biya wahalar da ya ba ni.

Na bar injin ya yi sanyi ƙalau, na hura zuwa psi 16 da yamma, na tafi. Sanyin dare kansa yana ɗan sauke allura, don haka ƙaramar sauka ba hujja ba ce. Tawa da safe ta koma ƙasa da 9. Na tabbatar wuta a kashe take, na cire fulogan ƙasa, domin kowace rota fulogi biyu gare ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa, na juya farfela da hannu a hankali. Ramin gaba a bushe. Na baya kuwa ya furzo ƴan ɗigo a bayan hannuna, na haska tocilar, suka yi kore.

Ruwan shuɗin ya ƙara tabbatarwa, sai dai shi ne mafi haɗari a cikin ukun, kuma takardar akwatin ba ta san da farfela ba. An yi shi ne don mutum ya tsaya a kan inji yana aiki, ya riƙa matsa roba. A jirgi wannan tsayuwa ce a bakin mutuwa. Na ɗaure wutsiyar jirgin, na sa wa tayoyi waigi, na zaunar da mutum a kujerar matuƙi hannunsa a kan makunni, sannan na jona dogon tiyo daga wuyan tankin zuwa bayan fiffike, a can na tsaya. Dole a rage ruwan tankin kaɗan, don in bututun ya zuƙo ruwan lagireto gwajin ya lalace. Da sanyi launin bai motsa ba. Sai da injin ya ɗumama aka ƙara masa wuta, shuɗin ya koma kore, ya koma rawaya. Da na tsaya a gwajin farko da na yaudari kaina.

An ba ni shawarar ruwan liƙe da ake zubawa a lagireto. Ban ko saurara ba. Hanyoyin lagireton ƙaramin jirgi sirara ne, abin da zai toshe yoyo zai iya toshe su. Ga kuma tsawo: murfin lagireto yana riƙe matsi ne a kan na iskar da ke kewaye da shi, a ƙafa 10,000 kuwa matsin iska ya sauko daga psi 14.7 zuwa wajen 10, har ruwa zalla kan tafasa a kusan digiri 90. Liƙin da ya riƙe a ƙasa ba shi da tabbas a can.

Sauke injin na yi na wargaza shi. A 13B na 1986 zuwa ƙarshen RX-7, kwarmin zoben a jikin farantan ƙarfe yake, kuma katangarsa siririya ce. A farantin baya na tarar guntun katangar, bai fi tsawon farce ba, tsatsa ta ci shi ya ɓalle, zoben ya leƙo ta wurin ya ƙone baƙi ƙirin. Na canza farantin. Na auna faɗin gidan rota, wanda milimita 80 ne, a wurare da dama. Littafin gyara ya ce in bambancin ya wuce milimita 0.06 a canza shi, nawa bai kai ba. Zobba duka sababbi na sa, ba na wanda ya mutu kaɗai ba, na ɗaure ƙusoshin bi da bi yadda littafin ya tsara. Ruwan da na juye na rufe shi a jarka, domin zaƙinsa yana jan dabbobi da yara, kuma guba ne.

Tun injin yana kan benci na toshe bakunan ruwansa, na ɗaura famfon, na hura, na bar shi kwana biyu. Allura ba ta bar layin biro ba. Don wannan kaɗai zan sake sayen akwatin, duk da murafunsa da ba su dace ba da gejinsa mai wahalar karatu. Rinin na yoyon waje ne, ruwan shuɗin shaida ne na biyu, famfon shi ne uban tafiyar. Yanzu na ƙara gejin matsin ruwa a gaban matuƙi, kusa da na zafi. In na tayar da inji da sanyi ina kallonsa: ya hau a hankali tare da zafi, lafiya, ya zabura nan take, zan kashe in mayar da jirgin rumfa. Na yi awa 14 a sama tun bayan gyaran, ruwan yana nan inda na bar shi.